Garin neman gudu: Samarinmu, salansa da ƙaramin babur

A layinmu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha tara da mahaifinsa ya saya wa ƙaramin babur irin wanda muke kira roba-roba, domin ya riƙa zuwa makaranta ba tare da wahalar neman abin hawa ba. Wata biyu na farko babu wanda ya san lokacin fitarsa balle na dawowarsa. Ana nan, wani dare wajen ƙarfe sha ɗaya, sai muka ji wata ƙara ta karyo kwana kamar an kunna injin niƙa a tsakar ɗaki. Jaririn maƙwabcina ya tsandara kuka, karnukan bayan layi suka ɗauka, wata dattijuwa mai fama da hawan jini ta ce sai da asuba ta gabato barci ya sake ɗaukarta. Da gari ya waye muka gane babur ɗin nan ne dai na jiya, salansa kawai aka taɓa.

Na tare shi bayan sallar la'asar na tambaye shi abin da ya sami babur ɗinsa. Ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kai, ya ce: “Baba, ai buɗe masa maƙogwaro aka yi. Yanzu numfashi yake yi sosai, gudunsa ma ya ƙaru.” Na ce masa: “Ɗana, da me ka auna ƙarin gudun?” Sai ya sosa ƙeya, domin allurar mitar babur ɗin ta daɗe da daina motsi. Kunnensa ne ya gaya masa ya ƙara gudu, shi kuma ya gaskata kunnen. Wannan 'yar hira ce ta sa na ga ya dace filinmu na wannan mako ya tsaya a kan al'adar da ke yaɗuwa tsakanin samarinmu ta fasa salansa da gundure inji da sunan ƙara ƙarfi. Tambayoyi uku nake so mu duba tare: shin ƙarfin yana ƙaruwa kuwa, nawa ne farashinsa, kuma wa ke biya?

Ba samarin Kano ko Zariya ne suka fara wannan sha'awa ba. Tushenta yana Turai, musamman ƙasar Italiya, inda kamfanin Piaggio ya fito da Vespa a shekarar 1946, wato Besfar nan da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayinta a ƙasar Hausa. A 1963 kamfanin ya fito da ƙaramar Vespa mai inji sisi 50, domin dokar ƙasar a lokacin ta yarda ɗan shekara goma sha huɗu ya hau irin wannan ba tare da lasisi ba. Har gobe dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade gudun wannan rukuni na babura a kan kilomita 45 a awa ɗaya. Saboda haka masu ƙera su sukan daure injin da gangan: su matse hanyar hayaƙi, su sa wani zobe da ke hana bel ɗin gudu kaiwa ƙarshe, ko su taƙaita juyin injin ta na'urar wuta. Yaron Italiya ko Holan da ya cire waɗannan takunkumai yana kwance igiyar da aka ɗaure injin da ita ne, don haka yakan ga ƙarin gudu na zahiri. Daga nan ne kamfanoni irin su Malossi da Polini suka yi suna wajen ƙera kayan ƙara ƙarfi. Yawancin baburan da ke kasuwanninmu kuwa ba a ɗaure su da irin wannan igiya ba. Samarinmu sun kwafi hoton da suka gani a intanet, sun bar dalilin a can.

Kafin a fahimci aikin salansa, sai an rarrabe injina iri biyu. Akwai inji mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa baƙin mai da fetur yana tafe yana hayaƙi, kamar tsohuwar Besfa da tsofaffin baburan acaɓa. Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa ke zaune a ƙasa shi kaɗai, yana da bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi. Roba-robar da ta cika titunanmu tana cikin rukuni na biyu, kuma fasalin injinta ya samo asali ne daga Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, babur ɗin da adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. An tsara wannan inji ne don ya daɗe, ya sha mai kaɗan, ya yi tafiya cikin natsuwa.

A inji mai bugu biyu, gaskiya ne cewa salansa na iya ƙara ƙarfi ƙwarai, amma ta hanyar lissafi mai zurfi. Wannan inji ba shi da bawul. Fistin ne da kansa ke buɗe ƙofar hayaƙi yana rufe ta, kuma akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi duk suke buɗe tare, har wani ɓangare na sabon mai ya bi hayaƙin ya fice ba tare da ya ƙone ba. Masana suka gano cewa idan aka ƙera bututun hayaƙi ya fara da siriri, ya buɗe kamar tulu, sannan ya sake tsukewa, to bugun iskar da ke fita zai yi aiki biyu. Inda bututun ya buɗe, yakan haifar da zuƙa da ke jawo ƙonannen hayaƙi waje. Inda ya tsuke kuma, bugun yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa, ya tura man da ya tsere ya koma cikin injin daidai lokacin da fistin ke shirin rufe ƙofa. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kuma ya dogara ga tsawon bututun da zafin hayaƙin da yawan juyin injin. In aka yi kuskuren 'yan santimita kaɗan, bugun zai iso a makare ko da wuri, ƙarfin ya zube.

Wanda ya kai wannan ilimi matuƙa shi ne wani injiniya mai suna Walter Kaaden na kamfanin MZ a tsohuwar Jamus ta Gabas. A 1961 babur ɗinsa na tsere mai sisi 125 ya ba da ƙarfin doki 25, abin da ya girgiza manyan kamfanonin duniya. Darajar wannan sirri ta kai matsayin da a watan Satumba na wannan shekara, makonni kaɗan bayan fara gina katangar Balin, matuƙin kamfanin mai suna Ernst Degner ya sulale bayan wata gasa a Suwidin ya tsere zuwa Yamma, ya koma kamfanin Suzuki da abin da ya sani. A 1962 ya ci wa Suzuki gasar duniya ta babura masu sisi 50. Abin lura a nan shi ne, ilimin da mutum ya bar ƙasarsa dominsa, ilimin auna bututu ne daki-daki. Shi ne kuma yau ake wa kallon aikin minti goma a wurin mai walda, da guduma da kurfi, a fasa cikin salansa a zubar da abin da aka tarar.

A inji mai bugu huɗu irin na yaron layinmu, ribar fasa salansa ba ta taka kara ta karya ba. Ƙaramin inji mai sisi ɗari da 'yan kai yana da ƙananan bawul da ƙaramin kafireto, kuma su ne ke iyakance iskar da yake sha. Buɗe masa baya ba zai faɗaɗa masa gaba ba. Sau da yawa ma yakan rasa ƙarfin tashi da na hawan tudu, wato ƙarfin da mai hawa ya fi buƙata a cikin gari, saboda an ɓata saurin tafiyar hayaƙin da masu ƙera shi suka auna. Abin da ya ƙaru tabbas shi ne ƙara, ita kuwa ƙara tana yaudarar ƙwaƙwalwa. Mutum yana tafiyar kilomita 50 sai ya ji kamar yana 80, domin jikinsa na karkarwa, kunnensa na amo.

Sai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Injin fetur yana buƙatar ma'auni tsakanin iska da mai, kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur ta fuskar nauyi. Wata 'yar ƙaramar ƙofa a cikin kafireto, wadda bakanikai ke kira jet, ita ke auna man daidai da salansa da matatar iskar da aka ƙera babur ɗin da su. Idan aka buɗe hanyar hayaƙi, aka kuma cire matatar iska kamar yadda wasu ke yi, ba a sauya jet ɗin ba, sai iska ta rinjayi mai. Irin wannan haɗi yana sa inji zafi fiye da kima. Fulogi ya yi fari fat maimakon launin ƙasa-ƙasa, bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa, a inji mai bugu biyu kuwa, wanda aka zuba baƙin mansa a cikin fetur, ƙarancin mai yana nufin ƙarancin santsi, har fistin ya kumbura ya cije a cikin bulo. Idan haka ta faru ana tsaka da gudu, tayar baya na iya ƙamewa nan take, mai hawa ya tsinci kansa a kan kwalta. Cire matatar iska kuma a ƙasar da hunturu ke turnuƙe ta da ƙura wata da watanni daidai yake da ɗura wa inji yashi da cokali.

Waɗanda suka fi zurfafawa ba sa tsayawa a salansa, sukan gundure bulo ko su sauya shi da babba. Misalin da aka fi sani a Turai shi ne na injin sisi 50 mai faɗin fistin milimita 40: idan aka sa masa mai milimita 47, girmansa yakan koma kusan sisi 68, ƙarin da ya haura kashi ɗaya bisa uku. Wannan ƙarin ƙarfi ne na gaske, babu musu. Sai dai karanshaf da boris da kuloci duk an ƙera su ne don ɗaukar nauyin bugun ƙaramin fistin. Iskar da ke sanyaya injin ba ta ƙaru ba, alhali wutar da ke ci a ciki ta ƙaru. A babur mai sauya giya da kansa ta hanyar bel, dole a sake nauyin 'yan duwatsun da ke tura bel ɗin da kuma sifirin ɗin kuloci, in ba haka ba injin ba zai riƙa juyawa a inda sabon ƙarfin yake ba. Kowane gyara yana kiran ɗan'uwansa, kamar mai ɗinkin tsohuwar riga, yana toshe nan can na yagewa. Wanda ya bi lissafin har ƙarshe yakan tarar kuɗin da ya kashe sun kusa cike gurbin da ke tsakanin babur ɗinsa da wanda ya fi shi girma tun daga masana'anta.

Akwai kuma lissafi biyu na kimiyyar motsi da ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya riƙe. Na farko, ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: wanda ke son ya ninka gudunsa sau biyu yana buƙatar ninka wannan ƙarfi sau takwas. Shi ya sa ƙarin ƙarfi mai yawa ke haifar da ƙarin gudu ɗan kaɗan. Na biyu ya fi tayar da hankali. Nauyin karo da tazarar tsayawa bayan taka birki suna ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Wanda ya tashi daga kilomita 45 zuwa 70 a awa, tazarar birkinsa ta ninka kusan sau biyu da rabi. Wanda ya kai 90 kuwa ta ninka sau huɗu. A gudun kilomita 70, cikin daƙiƙa ɗaya tak da ido zai ga yaro ya tsallako titi kafin ƙafa ta kai ga birki, babur ya riga ya ci sama da mita 19. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma ta daɗe tana nanata cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan karo da kashi huɗu cikin ɗari.

To, a duk garejin da na taɓa zama ban taɓa jin saurayi ya zo ya ce a ƙara masa ƙarfin birki ba. Ana ƙara wa inji wuta a bar shi da ƙaramin birkin da aka auna da tsohon gudunsa, da siririyar taya wadda wani lokaci ta suɗe, a kan titi mai ramuka da yashi, inda akuya da mai baro da ɗan makaranta duk suke da rabo. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sakawa a farkon 2009, ta koma abin da ake tunawa da shi idan an hango shingen bincike. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san irin shekarun yawancin masu kwance da ƙarfe a ƙafa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai an yi dubu kafin a fito.

Ta fuskar aljihu ma cinikin bai yi ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya sa iyaye da dama suka ajiye mota suka koma ƙaramin babur shi ne ƙarancin shan mansa. Babban jet da babban fistin da yawan murɗa totur don a ji ƙara duk suna cinye wannan riba. Ga sauya zobe da fistin da a da sai an shekara biyu ko uku, yanzu ya dawo 'yan watanni. Ranar da aka tashi sayarwa kuma, dillali na jin ƙarar zai karya farashi, domin ya san injin ya sha wuya. Garin neman ƙiba an samo rama.

Kason da ya fi damuna shi ne wanda mutanen da ba su hau ba suke biya. Mai babur ya zaɓi ƙararsa, amma jariri da majinyaci da ɗalibin da ke bitar jarrabawa da masu sahu a masallaci ba wanda ya shawarce su. Masana lafiyar kunne sun sa desibel 85 a matsayin iyakar da bai kamata ma'aikaci ya wuce ba na tsawon awa takwas, kuma kowane ƙarin desibel uku yana ninka ƙarfin sautin sau biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma mai hawan ne ya fi kowa kusa da bututun. Muna da dokokin taƙaita hayaniya na ƙasa tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA, amma kafin dokar gwamnati akwai haƙƙin maƙwabtaka da addininmu da al'adarmu suka girmama. Wasu samarin kan kare kansu da cewa ƙarar tana sa direbobi su san da zuwansu. Sai dai bututun baya yake kallo, haɗari kuwa yawanci daga gaba ko gefe yake zuwa. Fitila mai haske da hon mai aiki da tufa mai ɗaukar ido sun fi amfani a wannan fage, kuma ba sa tayar da kowa daga barci.

Duk da haka, ba zan yi wa samarin nan rashin adalci ba. Yaron da ke kwance inji don ya ga abin da ke ciki ya fi mini wanda bai taɓa tambayar yadda komai ke aiki ba. Soichiro Honda ya fara ne a 1946 da ɗaura wa kekuna ƙananan injinan da sojoji suka bari bayan yaƙi, kafin ya kafa kamfaninsa a 1948. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya kai ga zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san hannu da basira ba su ne matsalarmu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo: agogon auna gudu da juyin inji, littafin da ake rubuta sakamako kafin gyara da bayansa, da malamin da zai ce wa yaro “kawo hujja”.

Saboda haka ina ganin aikin ya rabu gida huɗu. Iyaye, wanda ya sayi babur shi ke da ikon gindaya sharaɗi: salansa ta zauna yadda ta zo, hular kwano ta hau kai, in ba haka ba makulli ya dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyoyin bakanikai da masu walda suna da shugabanni masu faɗa a ji, za su iya hana mambobinsu fasa salansar babur ɗin da ke bin titi, ko aƙalla su wajabta gaya wa mai shi abin da zai biyo baya. Hukumomin hanya su ɗauki ƙara a matsayin laifi kamar rashin lamba, amma hukuncin ya zama gyara abin da aka ɓata a gaban jami'i, domin kada dokar ta zama sabuwar ƙofar karɓar na goro. Sannan kwalejojin fasaha da gwamnatocin jihohi su buɗe wa wannan sha'awa ƙofa ta halal: fili killatacce, kayan kariya, motar asibiti a gefe, da gasar da ɗalibai za su nuna wanda ya fi iya fitar da ƙarfi ko rage shan mai da hujjar awo. Ƙasar da ta iya shirya hawan daba da tseren dawaki ba za ta gaza shirya wannan ba.

Ga wanda kuma yake jin babur ɗinsa ya yi sanyi da gaske, sau da yawa ƙarfin da yake nema yana nan a ciki, rashin kulawa ne ya binne shi. A wanke matatar iska, a sa fulogi mai kyau, a daidaita bawul, a ja sarƙa a shafa mata mai, a sauya baƙin mai a kan lokaci, a cika iskar taya daidai ƙa'ida. Idan bayan wannan bai gamsu ba, to buƙatarsa ta fi ƙarfin babur ɗin, sai ya yi tanadi ya sayi babba wanda birkinsa da tayarsa da ƙashin jikinsa aka ƙera su tare da injinsa.

Yaron layinmu dai mun yi yarjejeniya da shi. Na ce ya gyara mitarsa, ya samo aron salansa ta asali, mu je wani miƙaƙƙen titi a bayan gari da sassafe, ya hau da wannan ya hau da waccan, ni kuma in riƙe agogo. Idan fasasshiyar ta yi nasara da tazarar da za a iya nunawa, zan rubuta haka a wannan fili da hannuna. Idan kuwa ba ta yi ba, zai mayar da ta asali, ya kuma je ya gaishe da dattijuwar nan ya ba ta haƙuri. Ya amince, har da cewa in tanadi alƙalami. Mahaifinsa ya ce shi zai sayi man gwajin. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.